Wankin Ciwo da Mikin Habu Masunci

Yaran da ake turo mana daga makarantar koyon aikin lafiya, idan aka rarraba su ɗakuna, wanda ya faɗo ɗakin wankin ciwo murna yake yi, wai ya huta. A ganinsu aikin bai wuce ka goge, ka shafa, ka naɗe ba. Ni Sale, haifaffen cikin garin Haɗeja, a irin wannan ɗakin na shiga da ƙuruciya na fita da furfura, kuma har na ajiye aiki ban ce na gama koyonsa ba.

Lokacin da na fara, muna cikin jihar Kano, ba a yanke Jigawa ba. Wanda ya koya mini aikin shi ne Baba Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya zo Haɗeja tun yana saurayi ya zauna. Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, yana aiki yana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Da farko bai bar ni na taɓa kowa ba. Risho ya ba ni da tukunya, na yi ta dafa almakashi da hantsaki da tasar ƙarfe, ina yanka bandeji, ina dama ruwan gishiri. Kayan aikinmu ke nan, sai aidin, sai shuɗin maganin nan da ake shafa wa yara a baki, sai filasta idan akwai.

Mutumin farko da ya bari na riƙe masa wani masunci ne da ƙugiya ta shige masa tsokar babban yatsa. Na kama zan ja ta baya, Baba ya buge mini hannu. Ƙugiya ba a janta baya, kunnenta zai yago nama. Turata ake yi gaba har bakin ya ɓullo ta wani gefen, a datse kunnen, sannan a zare. Ina turawa ina kallon yatsan, sai ya ce, "Sale, fuskarsa za ka duba. Yatsan ba zai gaya maka komai ba."

Wannan ita ce sana'ar gaba ɗayanta, kuma ita ce yara ba sa gani. Idan aka kawo maka gyambo wanda ya daɗe, akwai mataccen nama a kansa, dole ka yanke shi kafin sabo ya tofo. Mataccen nama ba ya ciwo. Kana yanka kana kallon mai shi, da zarar ya ɗan motsa gira ko ya ja numfashi, ka san almakashinka ya iso wurin rai, sai ka tsaya. Haka kurkunu, wanda a shekarun nan ya hana ƙauyuka da yawa noma. Idan tsutsar ta fito da kai a ƙafa, kana naɗe ta a tsinken ashana kaɗan-kaɗan, mai ƙafar ne zai gaya maka inda za ka dakata yau, don in ka matsa ta tsinke a ciki, ƙafar ta kumbura. Manoman shinkafa da lauje ya yanka, matan da tafasasshen mai ya zubo wa, masunta da ƙayar kifin ƙurungu ta soka, dukansu da kukansu muke aiki. Mai ihu bai taɓa ba ni tsoro ba.

Habu a amalanke aka kawo shi, wata ranar kasuwa da hantsi. Masunci ne daga wani ƙauye na bakin kogi, dogo, baƙi, ƙasusuwan kafaɗarsa duk a waje. Yayansa ne ya riƙo shi, matarsa Hajara tana biye da ƙullin kaya a ka. Tun daga ƙofa warin ya riga su shigowa.

Yayan ne ya ba mu labari. Ya ce duk ƙauyensu ba wanda ya kai Habu sanin ruwa. Sai Habu ya fara cewa akwai mutane a ƙarƙashin kogi suna hira a kansa, suna zaginsa, suna hana shi cin abinci. Ya daina fita. Wata rana ya tattara komarsa da sauran kayan su ya cinna musu wuta a tsakar gida. Sai suka kai shi gidan wani mai magani, aka sa shi a mari, ya yi damina guda a can. Hajara ce da ta je kai masa abinci ta ji warin ƙafafun, ta dawo ta zauna a ƙofar ɗakin yayan, ta ce ba za ta tashi ba sai an je an kwance shi.

Na kwance tsummokaran da aka ɗaure masa. Marin ya ci idon sawun duka biyu, ya zagaye su kamar munduwa. Na hagun ya yi zurfi har ana hango jijiya fara, ga tsutsa. Na zuba ruwan gishiri, bai motsa ba. Na ce a raina jarumi ne. Na ɗauki almakashi na fara yanke mataccen naman, ina kallon fuskarsa yadda aka koya mini. Shi kuwa kusurwar ɗaki yake kallo, leɓensa na motsi, kamar mai sauraron wani yana ba shi amsa. Na ci gaba da yanka ina jiran girarsa ta motsa. Sai na ji hannun Baba Bitrus a kan nawa.

"Tsaya haka. Ka shiga nama mai rai, dubi jini."

Na duba, jini ja wur yana bin diddigensa. Habu ko ƙifta ido bai yi ba.

Baba ya fara zargin kuturta, don ita ce muka sani tana kashe jin jiki. Ya sa Habu ya rufe ido, ya shafa masa auduga a ƙafa.

"Me ka ji?"

"Auduga ce," in ji Habu.

Ya ɗan soka masa allura kusa da mikin.

"Wannan fa?"

"Allura."

"Da zafi?"

"Ba komai. Waɗancan dai za ka yi wa magana, sun hana ni sakat."

Ba kuturta ba ce. Yana jin taɓawa, ya san auduga, ya san allura. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce in je in kira likita.

Likitanmu na lokacin Likita Dauda ne, saurayi ɗan Filato, bai daɗe da fitowa daga jami'a ba, mai yawan karatu ne kuma ba ya ƙyashin bayani. Ya zauna da Habu ya yi ta tambayarsa a hankali. Da ya gama, ya tara mu a gindin darbejiyar bakin ɗaki, ni da Baba da Hajara da yayan.

Ya ce ciwon yana da suna a asibiti, sikizofireniya, kuma ciwon ƙwaƙwalwa ne, akwai maganin da ke sassauta shi. Na tambaye shi maganar ƙafar. Sai ya gyara zama, don an zo wurin da yake so.

"Malam Sale, ka taɓa ganin wanda ya faɗo daga mota, ya tashi yana taimakon mutane, sai daga baya ya lura hannunsa a karye yake?"

"Na gani, likita."

"To jikin ɗan Adam yana da nasa maganin kashe zafi. Ƙwaƙwalwa ce ke yin sa, ba a daɗe da gano shi ba, ana ce masa endofin. Aikinsa kamar allurar da muke yi wa wanda aka yi wa tiyata. Wasu masu bincike suna zargin cewa a jikin masu irin ciwon Habu wannan abin ya yi yawa, ko kuma ya rikice. Suna ganin wataƙila shi ya sa da yawansu ba sa kukan ciwo, har wasu na cewa yana da hannu a muryoyin da suke ji. An gwada musu wata allura mai toshe shi. Wasu likitoci sun ce muryoyin sun ragu, wasu sun ce ba abin da ya canza. Zato ne, ba a tabbatar ba."

Sai a nan Hajara ta ja mayafi ta yi magana, idonta a ƙasa.

"Likita, wato abin da ke cikin jikin nasa shi ke yi masa magana?"

"Mai yiwuwa. Ban sani ba, gaskiya."

"Amma dai zafin ne ba ya ji?"

"Da alama ba ya jin sa yadda ni da ke muke ji."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe Allah bai haɗa masa biyu ba."

Likita ya ce mata ta yi hamdala, amma ta sani a nan haɗarin yake. Wanda ba ya kuka, ciwo zai iya cin sa har ya gama ba a sani ba. Ya juyo gare ni ya ce kafin a sallame su in koya mata duba jiki.

Na koya wa mutane da yawa aikin nan, masu takarda da marasa ita, ban taɓa samun mai riƙe abu kamar Hajara ba. Kullum in zan wanke ƙafar tana tsugune a gefe. Tun da fuskar Habu ba ta nuna mini komai, sai na koma aiki da launi da wari da ɗumin fata, ita ma haka na koya mata. Na nuna mata yadda za ta duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ta leƙa baki da kunne, ta sa bayan hannu a wuya ta ji zazzaɓi, ta danna ciki ta ji ko da laushi. Na ce mata kada ta tambaye shi ko yana jin ciwo, don amsarsa ɗaya ce. Ta duba da idonta.

Mikin ya ɗauki watanni kafin ya rufe, ya bar tabo mai sheƙi. Aka ɗora Habu a kan ƙwayoyi da allurar wata-wata. Maganin ya sa shi yawan barci da rawar hannu, wuyansa kan sanƙare wani lokaci, amma mutanen ƙarƙashin ruwa suka yi nisa. Ya ce yana jin su kamar ana hira a wani gida can. Bai koma shiga ruwa mai zurfi ba, saboda gyangyaɗi. Ya koma gyaran koma da bandar kifi, kuma hannun nan mai rawa in ya kama zare sai ya natsu.

Shekarun da suka biyo baya su ne masu daɗi. Duk wata suna zuwa allura, su biyo ta ɗakinmu. Habu ya ajiye mana ƙunshin banda a kan benci, ya gaishe mu, ya zauna. Hajara kuwa ta kawo rahoto. Ta ce kullum bayan la'asar take zaunar da shi a tabarma ta bi jikinsa. Sau ɗaya ta tarar da ƙayar ƙurungu ta karye a tafin ƙafarsa, ya yini yana takawa. Wani lokacin ƙuna ce a gwiwar hannu, ya jingina da murhun banda bai janye ba. Haƙori ma ya taɓa ruɓewa har kumatu ya kumbura, yana tauna da shi. Duk ta kama su da wuri. Matan ƙauye suna yi mata dariya wai ta mai da miji jariri. Habu da kansa ya taɓa ce mini, yana ɗan murmushi, "Malam Sale, ka ba ta aiki, ta fi ka tsanani." A cikin shekarun suka sami 'ya mace.

Sai mummunar shekara ta zo, bayan an yanke Jigawa da kaɗan. Ba mu kaɗai ba ne, ko'ina haka ake kuka. Magani ya ɓace daga asibitoci, sai dai a rubuta wa mutum ya je kyamis. Bandeji sai mun wanke mun dafa mun shanya mun sake amfani da shi. Aidin ya ƙare, na koma sa zuma a gyambo, in babu zuma sukari. Likita Dauda ya daɗe da komawa ƙaro karatu. Baba Bitrus ya yi ritaya ya koma garinsu, idonsa ya fara dushewa. Na rage ni kaɗai a ɗakin.

Allurar Habu ta yanke. Yayansa ya je har Kano nema, ya dawo hannu Rabbana, inda ya samu kuma ta fi ƙarfinsu. A hankali muryoyin suka matso. Ya daina banda, ya koma zama a bayan ɗaki yana gardama da iska. Dangi suka ce a mai da shi mari kafin ya faɗa kogi. Hajara ta ce ƙafar da ta ga an wanke da idonta ba za a sake sa mata ƙarfe ba, in tsaro ne ita za ta tsare shi. Haka ta yi ta bin sa, da 'yarsu goye a baya, duk inda ya sa ƙafa. Wani lokaci ya yarda ta duba shi, wani lokaci ya ture ta, ya ce su ne suka aiko ta.

A daminar shekarar ruwa ya yi yawa. Kogi ya haura, ya shanye gonakin shinkafa, ya shiga rijiyoyi, ya yanke hanyar ƙauyukan fadama. Zazzaɓin taifot ya bazu. Hajara ta ji jikin Habu da zafi, ta ba shi abin da ta samu na zazzaɓi. Ya rage cin abinci, amma wannan ba sabon abu ba ne, muryoyin sun saba hana shi. Yana tashi, yana yawo, yana surutunsa. Sai ranar da ta samu ya yarda ta ɗaga rigarsa, ta danna cikin, ta ji shi kamar ƙyaure. Ba ta jira kowa ba. Ta roƙi wani mai kwalekwale ya fito da su tudu, daga nan suka sami amalanke.

Ɗakina ta kawo shi, don ita ce ƙofar da ta sani. Da ƙafarsa ya shigo. Ya rame, idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe, amma ya tsaya a tsaye ya ce, "Malam Sale, ina gajiya? Bana ban kawo maka banda ba."

Na kwantar da shi a benci na ɗaga rigar. Cikin ya taso, yana sheƙi, tauri kamar katako. Na kara kunne, ban ji motsin hanji ko kaɗan ba. Na ruga na kira likitan da ke aiki ranar. Ya danna, ya saki da sauri, abin da ke sa ƙaton namiji ya yi tsalle daga kan gado. Habu rufin ɗaki yake kallo. Likitan ya tambayi Hajara yaushe ya fara kukan ciki. Ta ce bai yi ba. Ya sake tambaya, don ya ɗauka ba ta gane ba. Na yi masa bayanin ko wane ne Habu. Ya ce a shirya tiyata yanzu-yanzu.

Da aka buɗe, hanjin ya huje, kuma ba ranar ya huje ba, ya kwana biyu. Ƙazanta ta cika cikin. Likitan ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya ɗinke, ya wanke, aka fito da shi da rai. Dangi suka sayar da abin da za su sayar aka sayo ruwa da allurai. Ni nake zuwa gadonsa ina wanke ɗinkin safe da yamma. Tun wanki na biyu na san inda aka dosa, don ruwan da ke fitowa ta gefen zaren ba mai kyau ba ne, kuma warin na san shi. Na ci gaba da wankewa kamar yadda ake yi, da dafaffen bandeji da ruwan gishiri, ina sa hannu a hankali.

Ranar ƙarshe da safe ina cikin naɗewa ya buɗe ido ya dube ni sosai, abin da bai cika yi ba.

"Ruwa ya fara janyewa?"

Na ce, "Ya fara, Habu."

"To bana za a yi kifi. Duk shekarar da ya haura haka, in ya koma sai ya bar kifi a kowane kwari."

Kafin azahar ya cika.

Shekaru bayan haka na tambayi wani likitan ƙwaƙwalwa da ya zo wucewa labarin endofin. Ya ce an bi maganar an bi, ba ta tsaya da ƙafarta ba, allurar toshewar ma ba ta zama magani ba. Ya ce rashin kukan ciwon gaskiya ne, suna ganin sa, amma har yanzu ana gardama a kan dalilinsa. Wasu na cewa zafin ne ba ya isa, wasu na cewa yana isa sarai, hanyar nuna shi ce ciwon ya toshe. Na gode masa. Amma ni ba a bakinsa na fara jin wannan ba.

Ranar da Habu ya rasu, bayan maza sun ɗauki gawar sun yi gaba, na tarar da Hajara a gindin gadon tana naɗe tabarma, 'yar tana riƙe da zanenta. Na tsaya na yi mata gaisuwa. Sai na faɗi abin da nake ganin zai sanyaya mata.

"Ki yi haƙuri, Hajara. Ko ba komai, bai sha azaba ba. Irin wannan ciwon, da wani ne, da ihunsa ya cika asibitin nan."

Ta gama ɗaure tabarmar, ta sa kwanon a cikin ƙulli, sannan ta ɗago.

"Ya sha, Malam."

Ta ƙara ɗaure bakin ƙullin, ta ci gaba.

"Ni nake kwana kusa da shi. In ya yi barci nishi yake yi. Tun lokacin ƙafar nan haka yake, duk ranar da kuka wanke, in barci ya ɗauke shi sai ya yi ta jan ƙafar yana nishi. In ya farka na tambaye shi, ya ce ba komai."

Na ce, "Ba ki taɓa faɗa mana ba."

"Likita ya ce ba ya ji. Na fi son ta likita."

Ta ɗora ƙullin a ka, ta kama hannun yarinyar, ta ce in yafe musu wahalar da suka ba ni. Na raka su har bakin titi inda amalanken ke jira. Da na dawo, mutane sun cika bencin ƙofar ɗakina, na wanke hannu na kira na gaba.